Wa ke yanke hukuncin bashin da dole a biya? Muhawara kan kuɗi, jari-hujja da giɓin arziki a duniya

Malam Auwalu:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina so in buɗe mana tattaunawa kan wata tambaya da masu nazarin rayuwar ɗan'adam da al'adunsa suka daɗe suna jefa wa masana tattalin arziki, wato daga ina kuɗi ya samo asali, kuma mene ne shi a haƙiƙa. Labarin da aka saba koyarwa a makarantu, wanda masanin tattalin arziki Adam Smith ya yaɗa tun 1776, shi ne cewa da farko mutane cinikin ba-ni-gishiri-in-ba-ka-manda suke yi, mai hatsi yana son takalmi amma baduku ba ya bukatar hatsi a ranar, sai wahalar ta sa aka zaɓi abu ɗaya da kowa zai karɓa, daga nan kuɗi ya fito, bashi kuma ya biyo baya. Labarin yana da daɗin ji, sai dai masu binciken da suka zauna da al'ummomi daban-daban a faɗin duniya ba su tarar da shi a ko'ina ba. Caroline Humphrey ta Jami'ar Cambridge ta bayyana a 1985 cewa babu wata al'umma da aka taɓa gani wadda rayuwarta ta dogara kacokan kan musayar kaya da kaya, balle a ce an ga kuɗi yana fitowa daga cikinta. Abin da aka tarar tsakanin maƙwabta shi ne ka ba ni yau, in riƙe a raina, in mayar maka wata rana. A tsohuwar ƙasar Iraƙi, allunan yumɓu sun nuna ma'aikatan fada da na wuraren bauta suna lissafin bashi da ma'aunin azurfa da na sha'ir fiye da shekaru dubu kafin a buga tsabar kuɗi ta farko a Lidiya, a yankin Turkiyya ta yau, wajen shekara 600 kafin miladiyya. A tsibirin Yap da ke tekun Fasifik, kuɗin mutane manyan duwatsu ne masu rami a tsakiya waɗanda ake sassaƙowa daga Palau, wasu ba sa ɗaukuwa, don haka dutse yana nan inda yake sai dai mai shi ya canza. William Furness ya ba da labari a 1910 cewa wani dutse ya nutse a teku lokacin da ake kawo shi, amma jama'a suka ci gaba da lissafa shi cikin dukiyar iyalin, domin kowa ya yarda yana can. Abin da nake so mu tattauna shi ne wannan: idan kuɗi lissafi ne na abin da mutane ke bin juna, to babbar tambaya a kan giɓin arziki a duniya ita ce wa ke riƙe da littafin lissafin, kuma wa ke yanke hukuncin bashin da dole a biya da wanda za a yafe.

Sadiya:
Wa alaikumus salam Malam. Ina da tambaya biyu. Ai dai an san ana musayar kaya da kaya har gobe, to ta yaya za a ce babu ita? Sannan ko da labarin asalin kuɗi ba daidai ba ne, me zai canza a rayuwar wanda yau ba shi da abin kai wa bakin salati? Ina ganin kamar gardama ce ta malamai tsakaninsu.

Malam Auwalu:
Tambayoyinki suna kan hanya, Sadiya. Musayar kaya da kaya tana nan, amma a wurare biyu aka fi ganinta: tsakanin baƙi waɗanda ba su san juna ba kuma ba sa tsammanin sake haɗuwa, da kuma tsakanin mutanen da suka riga suka saba da kuɗi sai kuɗin ya ɓace musu. Haka ya faru a Rasha a shekarun 1990 lokacin da masana'antu suka riƙa biyan juna da kayan da suke ƙerawa, haka kuma ya faru a Ajantina a 2002 bayan an rufe wa mutane ajiyarsu a bankuna. Duk waɗannan mutane suna lissafi ne da farashin kuɗi a kansu ko da babu kuɗin a hannu. Game da tambayarki ta biyu, amfanin labarin yana da girma. Idan aka yarda cewa kasuwa da kuɗi sun tsiro ne da kansu daga ɗabi'ar mutum, to duk abin da kasuwa ta haifar, har da talaucin wannan da arzikin wancan, zai zama kamar ruwan sama wanda babu wanda za a tuhuma a kansa. Idan kuwa aka gane cewa sarakuna da gwamnatoci da kotuna da sojoji ne suka shimfiɗa ƙa'idojin, to akwai wanda za a tambaya, kuma abin da mutane suka tsara mutane na iya sake tsara shi. Wannan shi ne abin da Karl Polanyi ya tsaya a kai a 1944, da ya nuna cewa sai da majalisar Ingila ta yi dokoki masu yawa kafin filaye da ƙwadagon mutum su zama hajar saye da sayarwa.

Hajiya Rakiya:
Malam Auwalu, na karanta bayaninka da kyau, kuma ba ni da ja a kan tarihin. Masana tattalin arziki da yawa a yau ba sa ɗaukar labarin Smith a matsayin tarihi, misali ne kawai na bayyana aikin da kuɗi ke yi. Inda nake da ja shi ne inda na ga maganar ta nufa. Masu nazarin al'adu suna da wata ɗabi'a ta kallon ƙananan al'ummomi da idon sha'awa, su yaba kyauta da zumunci, su manta cewa a irin waɗannan al'ummomi yara da yawa ba sa kai shekara biyar a duniya. Ni ina duba abin da ya faru a zamaninmu. Bisa ma'aunin dala 2.15 a rana da Bankin Duniya ya yi amfani da shi a baya, fiye da kashi ɗaya cikin uku na mutanen duniya suna cikin matsanancin talauci a 1990, amma zuwa 2019 adadin ya sauko ƙasa da kashi 10 cikin 100. Yaran da ke mutuwa kafin su cika shekara biyar sun haura miliyan 12 a 1990, yanzu kuwa adadin yana wajen miliyan 5 duk da cewa yawan jama'a ya ƙaru. Ƙasar Sin kaɗai ta fitar da kusan mutum miliyan 800 daga matsanancin talauci tun da ta fara buɗe kasuwanninta a 1978. Waɗannan rayukan mutane ne, kuma kasuwa da ciniki tsakanin ƙasashe suna da hannu dumu-dumu a wannan sauyi. Akwai kuma wani alheri na kuɗi da ba a cika faɗa ba. Tsarin ka-ba-ni-in-riƙe-a-raina yana aiki ne tsakanin waɗanda suka san juna, wanda kuma ba shi da dangi ko uban gida ba shi da wurin shiga. Kuɗi yana ba baƙo da maraya da matar da mijinta ya rasu damar sayen abin da suke bukata ba tare da sun durƙusa wa kowa ba. Saboda haka ina roƙon mu yi adalci, kada mu fara da hukunci sannan mu nemo masa hujja.

Dakta Lawal:
Hajiya, maganarki a kan 'yancin da kuɗi ke ba marar gata gaskiya ce, kuma masanin nan Bajamushe Georg Simmel ya yi irin wannan bayani tun 1900. Amma ina so in ƙara wani abu daga ɓangaren tarihi, wato yadda mutane da yawa suka shiga wannan kasuwa tun farko. A yawancin ƙasashen da aka yi wa mulkin mallaka, mutane suna da gonakinsu da dabbobinsu kuma ba su ga dalilin zuwa su yi wa wani ƙwadago a gandun rake ko ramin haƙar zinariya ba. Maganin da masu mulki suka samo shi ne haraji wanda ba a karɓarsa sai da kuɗin da su da kansu suka buga. Da zarar an yi haka, magidanci ba shi da zaɓi, ko dai ya noma abin da kamfanonin Turawa ke saye, ko ya tura ɗansa ƙwadago. A Madagaska, bayan Faransa ta ci ƙasar, Janar Gallieni ya ɗora harajin kai wanda hukumomin suka ɗauka a matsayin hanyar koya wa 'yan ƙasa darajar aiki. A Saliyo, harajin ɗaki da Ingila ta ɗora a 1898 shi ya haddasa yaƙin da Bai Bureh ya jagoranta. A kudancin Afirka, haraji da ƙwace filaye su ne suka cika ramukan zinariya na Johannesburg da leburori daga ƙasashe maƙwabta. Akwai kuma binciken Paul Bohannan a kan al'ummar Tibi a farkon shekarun 1950, wanda ya shahara ƙwarai a wannan fanni. Ya nuna cewa kafin kuɗin Bature, suna da matakai uku na musaya waɗanda ba a cakuɗa su yadda aka ga dama. Na ƙasa shi ne abinci da kaji da awaki da kayan aiki, na tsakiya shi ne sandunan tagulla da shanu da wani farin saƙi mai daraja, na sama kuma shi ne haƙƙin aure. Mutum yana alfahari idan ya juya abin ƙasa zuwa na sama, yana jin kunya idan yunwa ta tilasta masa yin akasin haka. Da kuɗi guda mai sayen komai ya shigo, sai katangun suka rushe, abinci ya riƙa fita zuwa kasuwannin nesa, dattawa kuma suka riƙa kukan cewa kuɗi ya ɓata ƙasa.

Hajiya Rakiya:
Dakta, wannan misalin naka ai ya fi taimaka mini. A matakin tsakiyar da ka ambata har da bayi a ciki, na saman kuma musayar 'yan mata ne tsakanin maza, ka ba ni ƙanwarka in ba ka tawa, tsarin da aka soke a 1927. Dattawan da suka yi kuka suna da dalilin kuka, domin ikon da suke da shi a kan samari da mata ne ya kuɓuce musu. Ina so in san ko an tambayi yarinyar da ake musayarta ra'ayinta a kan ɓacin ƙasar. Kuma Jane Guyer ta nuna daga baya cewa Bohannan ya ɗauki al'ummar kamar a rufe take, alhali sandunan tagullar nan ta hanyar fatauci mai nisa suke zuwa, mutanen yankin kuma sun daɗe da ƙwarewa wajen cin riba tsakanin ma'aunai daban-daban.

Malam Auwalu:
Wannan gyara ne mai kyau, Hajiya, kuma abin lura shi ne daga cikin fannin ya fito, domin ita ma Guyer mai nazarin al'adu ce. Babu mai hankalin da zai ce a koma musayar mata ko bauta. Darasin da nake ɗauka daga binciken shi ne cewa kowace al'umma tana shata iyaka tsakanin abin da ake sayarwa da abin da ba a sayarwa, kuma wurin da iyakar take yana nuna wanda ke da iko. Mu ma yau muna da irin waɗannan katangu: ba a yarda a sayar da ƙuri'a ko hukuncin kotu ko ƙodar mutum a yawancin ƙasashe ba. Rigimar da ake yi a duniya a kan ruwan sha da magani da ilimi rigima ce a kan ko za a bar su a cikin katanga ko a fito da su kasuwa.

Ibrahim:
Da izinin manya, ina so in mayar da mu kan tambayar farko ta Malam Auwalu, domin akwai abubuwa uku na tarihi da nake ganin sun amsa ta fiye da kowane dogon bayani. Bayin Haiti sun 'yantar da kansu da yaƙi suka kafa ƙasa a 1804. A 1825 Sarki Charles na Goma na Faransa ya aika jiragen yaƙi da sharaɗin cewa sai Haiti ta biya faran miliyan 150 diyya ga tsoffin iyayen gijinsu kafin a amince da 'yancinta. An rage adadin zuwa miliyan 90 a 1838, amma tun kason farko sai da ƙasar ta ci bashi daga bankunan Faransa kafin ta iya biya, wato bashi a kan bashi, kuma ta shafe gomman shekaru kuɗin da ya kamata su gina makarantu da hanyoyi suna tsallaka teku. Na biyu, lokacin da Ingila ta yi dokar soke bauta a 1833, ta ware fam miliyan 20 na diyya, kuɗin da suka kai kusan kashi 40 cikin 100 na abin da gwamnati ke kashewa a shekara. Masu bayin aka biya. Bayin ba su sami ko kwabo ba, an ma tilasta musu ci gaba da aiki kyauta da sunan koyon sana'a har zuwa 1838. Na uku, a 1953 aka zauna a Landan aka yafe wa Jamus ta Yamma kusan rabin bashin da ake binta daga waje, shekara takwas kacal bayan yaƙin da ta haddasa, aka kuma sassauta mata yadda biyan sauran ba zai durƙusar da tattalin arzikinta ba. Ba na cewa yafe wa Jamus kuskure ne, abin da ya dace aka yi kuma ya yi amfani. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake gaya wa ƙasashe matalauta cewa biyan bashi doka ce da ba ta da makawa, alhali tarihi ya nuna ana lanƙwasa ta duk lokacin da masu ƙarfi suka ga bukatar hakan.

Alhaji Mamman:
Ibrahim, Allah ya yi maka albarka, ka kawo hujjoji masu nauyi. Amma ni akwai abin da nake tsoro, kuma ina so ku matasa ku saurare ni. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma duniya tana tafiya ne saboda mutum yana ba da abinsa da yaƙinin za a dawo masa da shi. Idan muka koya wa mutane cewa biyan bashi dabara ce ta masu ƙarfi, wanda zai fara shan wahala shi ne talakan da ba zai ƙara samun mai ranta masa ba. Cika alkawari ginshiƙi ne na addini da na mutunci. Ina so a bambance mini tsakanin abin da aka ɗora wa Haiti da bakin bindiga, wanda kowa ya san zalunci ne, da bashin da mutum ko gwamnati ta je ta nema da ƙafarta ta sa hannu.

Dakta Lawal:
Ranka ya daɗe, bambancin da ka nema yana da muhimmanci, kuma mutanen da suka fara rubuta dokokin bashi sun yi tunani a kansa sosai. Dokokin Sarki Hammurabi na Babila, wajen shekara 1750 kafin miladiyya, sun tilasta biyan bashi, amma a cikinsu akwai iyakoki. Idan mutum ya ba da matarsa ko ɗansa aikin bauta saboda bashi, shekara uku za su yi, a ta huɗu a sake su. Idan ambaliya ko fari ya cinye amfanin gona, manomi ba zai biya mai binsa hatsi ba a wannan shekarar. Bayan haka sarakunan yankin suna da al'adar shelar yafe basussukan manoma, musamman idan sabon sarki ya hau gado, inda ake mayar wa mutane gonakinsu da 'ya'yansu, amma ba a taɓa bashin da ke tsakanin fatake. Ba don tausayi kaɗai suke yi ba, sun lura cewa kuɗin ruwa yana hayayyafa fiye da yadda gona ke iya bayarwa, kuma idan aka bar shi, manoma za su ƙare a hannun 'yan tsiraru, sarki ya rasa masu biyan haraji da masu zuwa yaƙi. Attaura ta zo da yafe bashi duk shekara bakwai, Alƙur'ani mai girma ya haramta riba ya kuma yi umarni da a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci har ya sami sauƙi. Saboda haka cika alkawari da sassauta wa wanda ya gaza tare suka taso. A yau ma kowace ƙasa mai ci gaba tana da dokar fatarar kuɗi wadda ke ba ɗan kasuwa ko kamfani damar zuwa kotu a raba asara tsakaninsa da masu binsa. Ƙasa ce kaɗai ba ta da irin wannan kotu.

Hajiya Rakiya:
Na yarda da Alhaji, kuma ina so in ƙara masa ƙarfi. Yawancin basussukan da ke kan ƙasashe matalauta a yau ba da jiragen yaƙi aka kawo su ba. Ministoci ne suka je suka sayar da takardun lamuni, majalisu suka amince, kuɗin suka shigo, wasu aka yi aiki da su, wasu suka bi ta aljihun shugabanni suka koma bankunan waje. An riga an gwada yafiya mai yawa, ta shirin 1996 na ƙasashe masu fama da bashi da kuma yarjejeniyar da manyan ƙasashe masu arziki suka ƙulla a Gleneagles a 2005, fiye da ƙasashe talatin suka amfana, amma cikin shekaru goma sha biyar da yawansu sun sake cika cikinsu da bashi. Idan muka ɗora komai a kan tsarin duniya, muna wanke ɓarayin cikin gida ne, su kuma babu abin da suke so kamar a ce laifin na wasu ne can nesa.

Malam Auwalu:
Hajiya, ɓarawon gida ɓarawo ne kuma ban nemi a wanke shi ba. Amma rance hannu biyu ne ke ƙulla shi, kuma ina so mu duba wanda ke ɗaukar asara idan ya lalace. A 1978 Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya tura wani ma'aikacin banki Bajamushe, Erwin Blumenthal, ya zauna a babban bankin Zayar, wato Kwango ta yau. Ya rubuta rahoto ƙarara cewa da irin satar da ake yi a ƙarƙashin Shugaba Mobutu, masu ba da rance ba su da wata fatar ganin kuɗinsu. Duk da haka aka ci gaba da ba shi, domin ana bukatarsa a yaƙin cacar baka, mutanen Kwango kuma suka gaji bashin. Sannan ki duba yadda babban rikicin ya faro. A watan Agusta na 1971 Shugaba Nixon na Amurka ya raba dala da zinariya, wato ya daina canza dala da zinariya a tsayayyen farashi. Bayan tashin farashin mai a 1973, bankunan Yamma suka cika da daloli suka riƙa bin gwamnatoci suna tallar rance mai kuɗin ruwan da ke hawa da sauka. Daga 1979 babban bankin Amurka a ƙarƙashin Paul Volcker ya ɗaga kuɗin ruwa har ya kai wajen kashi 20 cikin 100 don magance tsadar kaya a cikin Amurka. Manomin Meziko ko na Zambiya ba shi da ƙuri'a a wannan shawara, amma nauyin bashin ƙasarsa ya yi tashin gwauron zabi, a watan Agusta na 1982 kuma Meziko ta ce ba za ta iya biya ba. Abin da ya biyo baya shi ne shirye-shiryen tsuke bakin aljihu: karya darajar kuɗi, janye tallafi, sallamar ma'aikata, da sa kuɗin makaranta da na asibiti. A wurin da ake tsara waɗannan sharuɗɗa, ƙuri'a tana bin yawan jari ne. Amurka tana da sama da kashi 16 cikin 100 na ƙuri'un Asusun, manyan shawarwari kuma suna bukatar kashi 85, wato ita kaɗai tana iya hawa kujerar na-ƙi. Tun kafa hukumomin biyu a taron Bretton Woods na 1944, shugaban Asusun daga Turai yake fitowa, na Bankin Duniya kuma Amurka ce ke tsayar da shi.

Sadiya:
Na fara ganin inda zaren ya dosa. To amma Malam, duk wannan magana ce ta gwamnatoci. Ni na taɓa karanta cewa ƙananan rance ga mata matalauta su ne mafita, har aka ba Muhammad Yunus da bankin Grameen na Bangaladesh lambar yabo ta Nobel a 2006. Me masu nazarin al'adu suka gani a nan?

Dakta Bilkisu:
Bari in amsa miki, ƙanwata, domin a nan ne hanyar bincikensu ta fi nuna amfaninta. Masu ba da rancen suna alfahari da cewa kusan kowa yana biya, kuma alƙaluman gaskiya ne. Lamia Karim, 'yar asalin Bangaladesh, ta zauna a ƙauyukan ƙasar ta bi yadda ake samun wannan biya, ta wallafa sakamakon a 2011. Ta tarar cewa mace ce ke sa hannu amma sau da yawa miji ko ɗa ne ke amfani da kuɗin. Ta kuma tarar cewa jinginar da matar ta bayar ita ce mutuncinta. Ana haɗa mata rukuni-rukuni, idan ɗaya ta gaza sauran ba za su sami sabon rance ba, don haka maƙwabtanta ne da kansu za su zo ƙofar gidanta su zauna, su yi ta faɗa mata magana a bainar jama'a, su ɗauke tukunyarta ko akuyarta, wani lokaci har su kwance kwanon rufin ɗakinta su sayar. Ma'aikacin banki ba ya bukatar ɗaga murya, zumuncin da ke tsakanin matan shi aka mayar ya zama ɗan karɓar bashi. A jihar Andhra Pradesh ta Indiya abin ya yi tsanani har gwamnatin jihar ta taka wa kamfanonin birki a 2010 bayan rahotannin mutanen da suka kashe kansu. Wannan ba ya nufin babu matar da ta amfana, akwai su, kuma manyan gwaje-gwajen da masana tattalin arziki suka yi a ƙasashe shida, waɗanda aka wallafa a 2015, sun nuna amfani ɗan kaɗan wanda bai kai ga fitar da iyalai daga talauci ba. Takardar lissafi tana nuna an biya, amma sai wanda ya zauna a tsakar gidan ne zai ga da me aka biya.

Hajiya Rakiya:
Dakta Bilkisu, wannan bayanin ya taɓa ni, kuma irin binciken da nake girmamawa ke nan domin ya je ya gani da ido. Duk da haka ina nan a kan bakata cewa babu ƙasar da ta fita daga talauci ba tare da samar da kaya da sayar da su ga duniya ba. Abin da zan ƙara shi ne cewa waɗanda suka yi nasara sun shiga kasuwar ne da sharuɗɗansu. Koriya ta Kudu ta raba filaye ga manoma wajen 1950, gwamnatin Shugaba Park Chung-hee ta riƙe bankuna tana karkata rance ga masana'antun da ta zaɓa tana kuma hukunta waɗanda suka kasa fitar da kaya waje. Sin har yau tana taƙaita shige da ficen jari kuma manyan bankunanta na gwamnati ne. Tambayar da ke damuna ita ce me ya sa wasu gwamnatoci suka iya yin wannan horo a cikin gida wasu kuma suka kasa, kuma ban ga yadda tarihin Haiti ko na Volcker kaɗai zai amsa ta ba. Ina kuma sane da binciken Branko Milanovic da ya nuna cewa fiye da rabin bambancin kuɗin shiga tsakanin mutanen duniya ƙasar da mutum yake zaune ce ke bayyana shi, abin da yawancin mutane ba su zaɓa ba. Jari yana tsallaka iyaka cikin daƙiƙa, lebura kuma yana nutsewa a tekun Bahar Rum.

Ibrahim:
Hajiya, tambayarki ta cancanci zare nata daban, kuma ina fata Dakta Lawal zai buɗe shi. Ni dai ina so in koma kan kotun da Dakta ya ce babu. Bayan Ajantina ta kasa biya a 2001, fiye da kashi 90 cikin 100 na masu binta sun amince da ragi a 2005 da 2010. Wasu kamfanonin zuba jari da suka sayi takardun bashin da araha suka ƙi, suka kai ƙara New York suna neman a biya su cif. A watan Oktoba na 2012 ɗaya daga cikinsu ya sa aka tsare jirgin ruwan horar da sojojin Ajantina mai suna Libertad a tashar Tema ta Gana, sai da kotun duniya mai kula da dokokin teku ta ba da umarni a watan Disamba kafin a sake shi. A 2016 Ajantina ta biya su biliyoyin daloli. A watan Satumba na 2015 babban zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya kaɗa ƙuri'a kan wasu ƙa'idoji na sake tsara bashin ƙasashe, ƙasashe 136 suka goyi baya, shida suka ƙi, cikinsu har da Amurka da Birtaniya, inda dokokinsu ne ke hukunta yawancin waɗannan takardun lamuni. Zambiya ta kasa biya a watan Nuwamba na 2020, ta shafe fiye da shekara uku tana jiran masu binta su daidaita a tsakaninsu. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2023 ya ce mutum biliyan 3.3 suna zaune a ƙasashen da ke kashe kuɗi a kan kuɗin ruwa fiye da abin da suke kashewa a kan ilimi ko lafiya. Alhaji, ranka ya daɗe, ina so in ji ra'ayinka a kan wanda ya sayi bashin wani da araha yana sane da cewa mai bashin ya riga ya durƙushe, sannan ya nemi a biya shi cikakke har da kuɗin ruwa, ko shi ma yana cikin waɗanda kake cewa a cika musu alkawari.